Rabon Matsayi a Wasannin Kwaikwayo

Rabon matsayi shi ne tsarin da 'yan wasa suke bi su tantance wanda kowannensu zai zama a cikin wasa, da irin ƙarfin da za a ba shi, da iyakar da ba zai ƙetare ba. Ana samunsa a duk wasan da mutum yake ajiye sunansa na yanka na ɗan lokaci ya amsa wani: langa, tashe, kalankuwa da wasan gauta a ƙasar Hausa, da kuma wasannin tebur da na kwamfuta da suka bazu daga Amurka tun 1974. Matsaloli biyu ne suke bin wannan tsari duk inda ya je. Ɗaya ita ce yadda za a daidaita matsayai don kada wani ya danne sauran. Ɗayar kuwa, ko matsayin zai yi kama da mai ɗaukarsa ko zai saɓa masa.

A karkarar Kano

Ƙaramar hukumar Gezawa tana arewa maso gabas da birnin Kano, a kan hanyar Gumel. Faɗinta murabba'in kilomita 340 ne, ƙidayar 2006 kuma ta ba ta mutum 282,069, wato sama da mutum 800 a kowane murabba'in kilomita. Gona manne take da gona, ba a cika barin ƙasa ta huta ba, ƙauye kuma yana jiyo kiɗan maƙwabcinsa. A Tumbau, ɗaya daga cikin garuruwan yankin, Michael Mortimore da William Adams suka bi diddigin yadda magidanta ke raba aikin gona a cikin shekara, suka fitar da littafinsu a 1999. Wannan cunkoso da wannan jadawalin noma su ne suka tsara wa wasa lokacinsa da girmansa. Da damina ba mai sararin wasa. Sai an yi girbi, amfani ya shiga rumbu, dandali yake cika a daren farin wata, kuma ba a rasa yaran da za su isa a kasa gida biyu.

Langa ce misali mafi sauƙi. Kowane ɗan wasa yana riƙe ƙafa ɗaya ta baya da hannunsa, yana tsalle da ɗayar. Wanda ya saki ƙafa ko ya faɗi ya mutu, sai ya koma gefe. Manya biyu da ake ganin ƙarfinsu ɗaya su ne ke zaɓe, wannan ya ɗauki mutum wancan ya ɗauka, har a ƙare, don kada ƙarfafa su taru wuri guda. Daga nan kowane ɓangare ya fitar da ruwa, wanda in ya kai wurin da aka keɓe, wato masha, an ci, sauran su zama dawakai masu tare masa hanya. Ruwa shi ne mafi daraja a fili, shi ne kuma wanda kowa ke farauta. Saboda haka akan ba wa yaro marar nauyi mai zillo, ƙattai su tsaya a dawakai. Ƙaramin da ba zai iya ture kowa ba sai ga shi wasan duka a kansa ya rataya. A yau langa tana cikin wasannin gargajiya da ake fafatawa a gasar wasanni ta ƙasa a Nijeriya, da rukunan ruwa, tureshi da kawoshi.

Kalankuwa ta fi langa zurfi a wannan fage. Biki ne na samari da 'yan mata da akan yi da kaka, ana gayyato tsaran ƙauyukan kewaye, a kwana ana kiɗan kalangu. Abin da ya bambanta shi da sauran bukukuwa shi ne gwamnatin wasa da matasa ke kafawa: sarki, waziri, galadima, alƙali da dogarai, sannan a zamanin Turawa aka ƙara da razdan, di'o, likita da 'yan sanda. Wanda ya karya dokar dandali a kama shi, a gurfanar da shi gaban alƙali, a ci shi tara. Baba ta Karo, wadda ta ba wa Mary Smith labarin rayuwarta a ƙasar Zazzau aka buga shi a 1954, ta yi bayanin yadda samari da 'yan mata ke naɗa wa junansu irin waɗannan sarautu. A Damagaram akwai ɗan'uwan wannan wasa, wasan kara, inda ake kwaikwayon mahukunta da kayan aikin da aka ƙera da karan dawa.

A kalankuwa hali ake dubawa kafin a ba da muƙami. Wanda aka saba gani yana raba faɗa shi ake ba alƙali, mai ƙirar ƙarfi ya zama dogari, mai baki ya zama sanƙira. Kowa ya san kowa tun yarinta, don haka ba a buƙatar takarda ko gwaji. Amfanin wannan a fili yake: hukuncin alƙalin wasa yana karɓuwa ne domin tun asali ana jin maganarsa. Illarsa ita ce matsayin yakan bi mutum gida. Sarkin samari ba ya sauka da an tashi daga biki, shi ne dai zai tara matasa ranar gayya, kuma wanda bai samu komai ba a dandali yana iya ganin an faɗa masa matsayinsa a gari. Abin da ke rage kaifin wannan shi ne iyakar da aka gindaya wa ikon. Tarar ba ta da yawa, hukuncin ba ya wuce dandali, kuma dattawa suna nan a gefe.

Tashe, wanda ake farawa bayan azumi ya kai kwana goma, ya bi hanyar da ta saɓa. Yaro ɗan shekara goma ya manna gemun auduga, ya ranƙwafa a kan sanda, ya zama tsoho. Wani ya rataya layu da saiwoyi ya zama Jatau mai magani. A wasan Mairama da Daudu yarinya ce ke sa riga da hula ta fito a miji. Daɗin wasan yana cikin tazarar da ke tsakanin yaron da abin da ya zama. Da tsoho ne na gaske ya zo ƙofar gida da sandarsa, sadaka za a ba shi, ba wanda zai yi dariya. Haka wasan gauta, inda matan gidan sarauta ke kwaikwayon sarki da fadawansa. Nisan da ke tsakanin mai kwaikwayo da wanda ake kwaikwaya shi ne ya ba su damar nuna wa manya halinsu ba tare da an kira abin rashin kunya ba.

Wasannin tebur

A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka. 'Yan wasa suna zama kewaye da tebur, jagora yana ba da labari, kowa yana faɗin abin da tauraronsa, wato wanda yake kwaikwaya, zai yi, ƙwayar ludo tana yanke hukunci. Sabon abin da wasan ya kawo shi ne mayar da hali lissafi. Kowane tauraro yana da siffofi shida: ƙarfi, zafin nama, juriya, basira, hikima da kwarjini. A tsarin farko ana jefa ƙwaya uku masu fuska shida don kowace siffa, a sami adadi tsakanin 3 da 18. 10 da 11 su ne aka fi samu. 18 kuwa sau ɗaya ne cikin jifa 216. Wanda ya yi sa'a ya tashi da gwarzo, na kusa da shi ya tashi da raggo, kuma haka za su yi watanni suna wasa.

An yi ƙoƙarin gyara wannan ta fuska biyu. Ta farko ita ce ta langa, wato a haɗa kowane fifiko da rauni. Matsafi a bugun 1974 yana farawa da sihiri ɗaya tak, ba ya sa sulke, makaminsa wuƙa, dole ya fake a bayan mayaƙi kamar yadda ruwa ke fakewa a bayan dawakai. Ta biyu ita ce a ba kowa jari iri ɗaya ya saya wa tauraronsa siffofi. Champions na 1981 da GURPS na 1986 sun shahara da wannan. A GURPS ma wanda ya yarda tauraronsa ya ɗauki wata naƙasa ko mugun hali ana ƙara masa maki. A bugu na biyar na Dungeons & Dragons, na 2014, jarin maki 27 ne. Kowace siffa tana farawa daga 8, kai ta 14 yana cin maki 7, kai ta 15 yana cin 9. Mai son 15 a siffofi uku ya ƙarar da jarinsa ke nan, sauran ukun su zauna a 8.

Lissafin yana hana zalunci a takarda, amma bai isa ya daidaita tebur ba. Taurari biyu masu maki ɗaya ba su zama ɗaya ba in labarin duk yaƙi ne, ɗayansu kuma gwanin magana ne. Aikin jagora ne ya tabbatar kowa ya sami wurin da sai da shi za a wuce.

Kama ko saɓani

Masu tsara wasanni sun gwada ɓangarorin biyu har ƙarshensu. A Villains and Vigilantes na 1979 ɗan wasa kansa ne tauraron, ana auna siffofinsa na zahiri sannan a ɗora masa baiwar jarumta. A Traveller na 1977 ƙwaya ce ke tsara tarihin tauraro, har yana iya mutuwa tun ba a fara wasan ba. Na farkon yana da matsalar kalankuwa, domin ba kowa ne zai ji daɗin abokansa su yanke wa basirarsa maki ba, kuma faɗuwar tauraro takan zama kamar faɗuwar mai shi. Na biyun yana da matsalar da tashe bai sani ba. Yaron tashe mintuna kaɗan yake yi a kowane gida, amma ɗan wasan tebur mai kunya da aka ba tauraro mai kwarjini 17 zai daɗe yana neman bakin da ba shi da shi. Shi ya sa yawancin wasanni ke barin ƙwaya ta yi magana a madadinsa.

Akwai kuma shaidar cewa rigar tana tasiri a kan mai sanye da ita. A 2007 Nick Yee da Jeremy Bailenson na Jami'ar Stanford sun nuna cewa mutanen da aka ba dogayen surori a duniyar kwamfuta sun fi tsaurin ido wajen cinikin rabon kuɗi fiye da waɗanda aka ba gajeru. Matasan da ke ƙera ɗan ƙwallo mai sunansu da kamanninsu a gidajen gem, ko suke zaɓar tauraro a Free Fire a wayoyinsu, zaɓin kama ko saɓani suke yi kullum.

A ƙasar Hausa dai wasannin sun ja baya. Kalankuwa ta yi ƙaranci a ƙauyuka da yawa, a wasu shekaru kuma rundunar 'yan sandan jihar Kano ta dakatar da tashe, bisa dalilin cewa 'yan daba da masu ƙwacen waya suna fakewa da shigar 'yan wasa.