Fijo 504: daga Kakuri zuwa sikelin 'yan gwangwan

1/ Zaren nan yana da tsawo, ku gyara zama. Maganar Peugeot 504 za mu yi, wadda iyayenmu ke ce wa Fijo. Duk wanda ya taso tsakanin Kwanar Ɗangora, Tudun Wada da Doguwa ya san gawarta: tayoyi sun sace, kaji na ƙwai a kujerar baya, yara na tuƙa ta da baki. Kaɗan ne a cikinmu suka san daga ina ta fito.

2/ A 1968 kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da ita, a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai. Kamfanin Pininfarina na Italiya, wanda ya daɗe yana zana wa Ferrari jiki a da, shi ya zana nata. Eh, waccan da akuyarku ke kwana a ƙarƙashinta. An ƙera sama da miliyan 3. Turai ta daina yin ta a 1983, mu kuwa a Kaduna muka ci gaba har wajen 2006.

3/ Masu cewa motar tsofaffi ce, ku saurara. A 1975 wani direba ɗan Suwidin, Ove Andersson, ya ci gasar Safari ta Kenya da 504, gasar da rabin motocin da ke shiga ba sa kai ƙarshe saboda laka da duwatsu. A shekarar dai Hannu Mikkola ya ci ta Maroko da ita. A 1978 Jean-Pierre Nicolas ya ci Safari da ƙanwarta mai ƙofa biyu da injin V6, ya kuma ci gasar Bandama a Kwadebuwa.

4/ Mai ƙofa biyun nan ita ce ta 'yan gayu, a Italiya ake yi mata jiki, yau kuma tsada gare ta a wurin masu tara tsoffin motoci. Wadda ta cika titunanmu ita ce mai ƙofa huɗu, da doguwar nan ta haya, da a-kori-kura. Amma gida ɗaya suka fito. Abin da ya sa ta jure hanyar Kenya shi ya sa ta jure hanyar Riruwai.

5/ Yadda ta zama tamu: bayan yaƙin basasa kuɗin fetur ya shigo, gwamnatin Gowon ta ƙulla yarjejeniya da kamfanonin waje su zo su riƙa haɗa mota a nan. Volkswagen ya sauka Legas, Peugeot ya sauka Kaduna. An kafa PAN a 1972, masana'antar Kakuri ta fara fitar da mota a 1975. Daga baya aka samu na manyan motoci: Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Leyland a Ibadan, Mercedes a Enugu.

6/ Ga wurin da ya fi burge ni. A shekarun nan tashar jiragen ruwa ta Legas ta cushe, jirgi sai ya yi watanni bai sauke kaya ba, lokacin badaƙalar siminti kenan. Sai Peugeot ya koma sama. Jiragen kamfanin UTA suka riƙa ɗauko kayan motar daga birnin Lyon suna saukewa a filin jirgin Kano, daga nan a loda wa manyan motoci zuwa Kaduna.

7/ Ku duba taswira. Hanyar Kano zuwa Zariya ta ratsa Kura, Ciromawa, Kwanar Ɗangora. Wato ƙofofi da injina da gilasan Fijo ta gabanmu suke wucewa a cikin akwatuna, su je Kakuri a ɗaure su, su dawo ta hanyar dai suna tafiya da ƙafarsu. Duk sanda na tsaya sayen rake a Kwanar sai na tuna da wannan.

8/ Abu biyu suka cika ƙasar da ita. Na farko kuɗin Udoji: ƙarin albashi da ariyas da ma'aikata suka karɓa a farkon 1975, ga kuma bashin mota da gwamnati ke ba wanda ya kai mataki. Malamin makaranta ko malamin gona yana iya shiga sabuwar mota fil, da ledarta a kujera. Ku ajiye wannan a ranku, ku da ke jiran alawus ɗin bautar ƙasa.

9/ Na biyu siyasa. An kashe Janar Murtala ranar 13 ga Fabrairu 1976 a cikin baƙar Marsandi. Gwamnatin Obasanjo da ta biyo baya ta ɗauki tsarin rage fankama, manyan jami'ai suka koma hawa 504. Daga kwamishina har sakataren ƙaramar hukuma, ita ce motar ofis. Idan ta tsaya a ƙofar gida a ƙauye, an san gwamnati ta zo, ko dai ɗan gidan ya zama wani abu.

10/ Doguwar kuma ta zama abincin talaka. Layi uku na kujeru, kaya a baya har sai an ɗaure ƙofa da igiya. Ta tashi daga Unguwa Uku, ta karya a Kwanar Ɗangora, ta ratsa Tudun Wada, ta shiga dajin Falgore, ta fita Doguwa, Saminaka, sai Jos. Tsoffin direbobin tasharmu har yau da ita suke auna kowace mota. Gudu kam an yi shi, an kuma rasa rayuka da yawa a cikinta, wannan ma yana cikin tarihin.

11/ To me ya kashe ta? A farkon shekarun 1980 naira ta fi dala daraja. Farashin fetur ya faɗi a kasuwar duniya, kuɗin waje ya yi wuya, a 1986 Babangida ya kawo SAP, naira ta rushe. Masana'antar da yawancin kayanta daga Faransa suke zuwa ba ta da mafita: farashin sabuwar mota ya wuce albashi, ya wuce har abada.

12/ Sai 'yan Kwatano suka cike gurbin. Golf, Honda, Toyota, Sharon, duk wanda Bature ya gaji da shi. Ba na zagin su, sun fi shan mai kaɗan, wasu da sanyi a ciki. Amma ra'ayina shi ne laifin bai tsaya kan SAP kaɗai ba. Shekaru muna ɗaure kusoshin da wasu suka ƙera, ba mu matsa mun iya zuba injin da kanmu ba. Ajaokuta da aka ce za ta ba da ƙarfen, kun san labarinta.

13/ A 2006 gwamnati ta sayar da kasonta na PAN ga kamfanin ASD Motors, a 2012 AMCON ta karɓe shi saboda bashi. Yanzu akwai sabuwar masana'antar Peugeot ta haɗin gwiwa da Ɗangote a Kaduna, tun 2022. Na wuce wannan da sauri don 504 ba ta cikinsa.

14/ Abin da ya jawo ni cikin karatun nan: ina da guda ɗaya. Ta baffana ce, Allah ya jiƙansa, ma'aikacin gona ne, da bashin mota ya saye ta. Ta fi shekara goma a gindin darbejiya. Da aka zo rabon gado sai 'yan gwangwan suka zo da tayinsu, su a kilo suke lissafi. Na roƙi magada su sayar mini a kan farashin, na biya rabi da kuɗin shinkafar da na noma, saura sai kaka mai zuwa. Ko keke ban taɓa mallaka ba kafin ita.

15/ Innata cewa ta yi, “Kai da ko kuɗin rajista sai an haɗa maka, me za ka yi da kwarangwal?” Tambayar tana kan hanya. Amma na ga yadda ake yi da su: a sa wuta a yanka, tagulla gefe, alminiyon gefe, sauran a loda a tirela. Wuni ɗaya an gama. Duk wadda aka yanka kuma ta tafi da kayan gyaran da wata ke jira.

16/ Na samu wani dattijo bakanike, wanda ya yi ƙuruciyarsa kan Fijo. Abu na farko da ya ce: “Yaro, kar ka kuskura ka sa mata batir.” Injin da ya daɗe a tsaye, zoben fistin ya kama bango, baƙin mai ya sauka ƙasa ya zama kwalta. Ka murza makulli, sai ka karya abin da shekara goma ba ta karya ba.

17/ Ga yadda muka bi. Muka cire filogi huɗun, muka zuba ɗan mai a kowane rami, muka bar shi kwana biyar. Sannan ya sa sifana a gaban injin, yana motsa shi da hannu, gaba kaɗan, baya kaɗan. Rana ta biyu ya juya. Ya dube ni ya ce, “Da ranta.” Wallahi sai da na ji wani abu a ƙirjina.

18/ Injin nan darasi ne. Silinda huɗu, kusan lita 2, an kwantar da shi a karkace don bonet ya yi ƙasa. Sarƙa ke juya shi a ciki, ba bel ba. Babu kwamfuta, babu na'urar da za a jona a karanta laifi. Kafireta ce ke haɗa mai da iska, kwantak ke ba da wuta. Baba da kunne yake saita ta, ya kara sukundireba a jikin injin ya sa ƙotar a kunnensa kamar likita.

19/ Babban sirrinsa: ramukan da fistin ke hawa da sauka a ciki ba a jikin injin aka huda su ba, kofuna ne da ake zarewa. Idan sun cinye sai a sa sababbi, injin ya dawo yaro. Shi ya sa Fijo ɗaya ke cin direba uku. Amma a nan tarkon yake. In ka ɗaga kan injin da garaje kofunan suka motsa, abin da ya toshe gindinsu ya saki, ruwa ya gauraya da baƙin mai. Ka ga mai ya koma kalar shayi da madara, to an gama da kai.

20/ Kan injin kuma alminiyon ne, ba ya son zafi. Shekaru ana ɗura wa lagireto ruwan rijiya, ciki duk tsatsa da laka. Mun kai an buɗe shi an zuzzuge. Tankin mai mun sauke mun wanke, fetur ɗin da ya kwana a ciki ya zama kamar ƙaro. Kafireta ta kwana cikin kwano, an bi kowace ƙaramar huda da iska.

21/ Ku duba ƙarƙashinta in kun samu dama. Farfelar da ke kai ƙarfi tayoyin baya tana cikin wani bututun ƙarfe, a rufe, dutse ba ya taɓa ta. Ga tsayi daga ƙasa, ga sifirin masu dogon numfashi, ga kujeru kamar katifa. Wannan ne ya sa take shanye gargada alhali motocin yanzu suna kuka.

22/ Birki ba a ciniki da shi. Duk robar da ta shekara goma a rana ta mutu ko da ta yi kyau a ido, mun canza tiyo da robobin duka. Taya ma haka. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Ku je ku duba na motar gidanku yau, musamman in 'yar Kwatano aka saya aka ce muku “sabuwa ce”.

23/ Kayan gyara su ne wahalar. Na yi sawu uku zuwa Ƙofar Ruwa a Kano, ɗaya zuwa Panteka a Kaduna. Na injin ana samu, sabo da na hannu, sai dai jabu ya yi yawa. Wani ya sayar mana da kwantak a kwali mai hoton zaki, sati bai yi ba ya ƙone. Abin da ya ɓace shi ne ƙananan kaya: fitilar baya, marfin akwatin gaba, robar gilashi, tambarin zakin kansa.

24/ Abin da ya fi kayan ƙaranci shi ne masu sani. Yaran garejin Baba su biyar, babu wanda ya iya saita kafireta, kuma ban ga laifinsu ba, motar da ke kawo kuɗi suke koya. Ni nake tsugunawa da waya ina ɗaukar hannunsa yana aiki, yana faɗa ina rubutawa. Yakan yi dariya ya ce, “Ɗan boko, wannan ma jarrabawa za ka yi a kai?”

25/ Kar wani ya ɗauka riba nake nema. A 2011 an yi gwanjon 504 ta shugaban Iran na lokacin, Ahmadinejad, aka ce ta kai dala miliyan 2.5, amma sunan mai ita aka saya. Tawa ko na gama, da wuya ta mayar da abin da ta ci. Ga fetur tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023, ita kuwa ba ta san an cire ba, yadda take sha a zamanin Shagari haka take sha.

26/ Inda muke yanzu: ta tashi. Hayaƙi ya turnuƙe layinmu, ɓera biyu suka fito daga salansa a guje, maƙwabta suka fito kallo. Mun zagaya filin makaranta sau biyu a giya ta biyu. Saura walda a ƙasan kujerar direba inda tsatsa ta huda har ana hango ƙasa, sai wayoyin da ɓeraye suka ci, sai sauya takardu zuwa sunana. Fenti sai bayan na biya magada. Farar ƙasa-ƙasa ce, haka za ta koma.

27/ Tafiyar farko da na sa a gaba gajeriya ce: Tudun Wada zuwa madatsar Tiga, da Baba a gaba, da jarkar ruwa a but. In ta je ta dawo allurar zafi ba ta haura ba, sai a yi maganar Falgore.

28/ Roƙona: in akwai 504 a gidanku da ake shirin kira wa 'yan gwangwan, ku ɗauki hoton farantin da ke cikin bonet da takardunta kafin a yanka, ku tambayi dattijon gidan shekarar da ya saye ta da nawa. Kuma ina neman fitilar baya ta hagu, ta mai ƙofa huɗu, wadda ba ta tsage ba. Mai ita ya yi mini magana ta akwatin saƙo, zan zo har gida in kwance da kaina.