Lalle

Lalle (sunan kimiyya: Lawsonia inermis) ƙaramar bishiya ce mai yawan rassa da fure mai ƙamshi, wadda ake nomawa saboda ganyenta da ake ƙunshi da shi. Tana cikin dangin tsirrai da ake kira Lythraceae, dangi ɗaya da rumman. Masanin tsirrai Carl Linnaeus ne ya ba ta wannan suna a shekarar 1753, don girmama abokinsa Isaac Lawson, wani likita ɗan ƙasar Sikotlan.

Siffa

Tsayin lalle yakan kai mita 2 zuwa 6 idan ba a datse shi ba. Ganyensa ƙanana ne, suna fitowa bibbiyu suna fuskantar juna. Furen yana fitowa a dunƙule a ƙarshen reshe, yawanci fari, wani lokaci ja-ja, kuma ƙamshinsa na da ƙarfi. 'Ya'yansa 'yan ƙwallaye ne cike da ƙananan iri. Kalmar inermis na nufin marar ƙaya, amma idan bishiyar ta tsufa, bakin ƙananan rassanta yakan yi tsini kamar ƙaya.

Inda ake nomansa

Ana noman lalle a Indiya, musamman yankin Sojat na jihar Rajasthan, da Pakistan, Yaman, Masar, Sudan da Maroko. A ƙasar Hausa an daɗe da saninsa. A karkarar da ke kewaye da birnin Kano, kamar ɓangaren Dawanau a ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, jama'a na da yawa kuma gonaki a manne suke da juna. A irin wannan wuri ana dasa lalle a matsayin shinge, ya nuna iyakar gona, ya kuma ba da ganyen sayarwa ba tare da ya ci filin gero da dawa ba. Wasu kuma suna dasa shi a cikin gida.

Shuka da dashe

Hanya biyu ake bi. Ta farko ita ce yanko lafiyayyen reshe a kafa shi a ƙasa mai laima, kuma farkon damina ne lokacin da ya fi kamawa. Ta biyu ita ce iri. Ɓawon irin yana da tauri, don haka ake jiƙa shi na wasu kwanaki kafin a yayyafa a wurin reno, sannan a dasa bayan ya yi ƙwari.

Lalle yana son rana sosai da ƙasa mai tsane ruwa, irin jigawa. Kwanciyar ruwa tana ruɓar da saiwarsa.

Kulawa

Sabon dashe yana buƙatar ban ruwa da ciyawa da takin gida. Da zarar saiwa ta nutsa, yana jure fari. A lokacin hunturu, idan sanyi da bushewa suka haɗu, girmansa yakan tsaya, ya zubar da ganye, sannan ya sake toho idan ya sami ruwa da zafi. Sanyin da ya yi ƙasa da digiri 5 a ma'aunin Salsiyos yana iya kashe shi.

Datsewa ita ce babbar dabarar kula da shi. Mai neman ganye yana yawan datse rassa domin su yi sabon toho, kuma a jikin sabon ganye rini ya fi yawa. Mai son fure da ƙamshi kuwa sai ya bar wasu rassan su girma, domin yawan datsewa yana hana fure.

Amfani

Ana shanya ganyen a inuwa, a daka, a tankaɗe, a kwaɓa da ruwa. Sinadarin lawsone da ke cikinsa yana kama fata da farce da gashi, ya bar launin ja. A auren Hausawa akwai al'adar sa amarya a lalle, mata kuma suna ƙunshi lokacin Sallah da suna. A Indiya ana tatsar turare daga furensa.

Gargaɗi

Asalin lalle ja yake yi. Abin da ake kira baƙin lalle sau da yawa akwai sinadarin PPD a cikinsa, wanda ke jawo ƙaiƙayi da ƙuraje. Haka kuma shafa wa jarirai masu ƙarancin sinadarin G6PD lalle yana iya farfasa musu jajayen ƙwayoyin jini.