Yadda Amurka ta dasa kunnuwa a dajin Lawos

Kwanton ɓauna tsohuwar dabarar yaƙi ce, kuma tun da can babbar wahalarta jira. Mayaƙi ya kwana a ciyawa sauro na cizonsa, bai san ko abokin gaba zai biyo ta nan ba. A yaƙin Biyetnam aka yi gagarumin yunƙuri na ɗauke wa soja wannan jiran a ɗora wa na'ura.

Abin da ya hana Amurka barci shi ne Hanyar Ho Chi Minh. Tun 1959 Biyetnam ta Arewa ke tura mayaƙa da makamai da shinkafa zuwa kudu ta cikin tsaunukan Lawos, ƙarƙashin itatuwa masu duhun da matuƙin jirgi ba ya ganin ƙasa. A 1966 wata ƙungiyar masana kimiyya mai suna JASON ta ba sakataren tsaro Robert McNamara shawara: tunda ido ya gaza, a sa kunne. A watan Satumba ya ɗora wa Janar Alfred Starbird aikin, wanda daga baya aka raɗa wa suna Igloo White.

Na'urorin sauraron daga jirgi ake jefo su. Wata, mai suna ADSID, kamar ƙaton mashi take: ta faɗo ta kafe a ƙasa, eriyarta kaɗai a waje, ita ma an ƙera ta da siffar tsiron daji, tana jin girgizar ƙasa in mota ta gifta. Wata kuma lemarta ke maƙalewa a reshe, ta yi ta lilo tana naɗar sauti. Asalinta na'ura ce da sojan ruwa ke farautar jiragen ƙarƙashin teku da ita. Jiragen EC-121 na shawagi suna karɓar saƙon, suna miƙa shi Nakhon Phanom a Tailan, inda aka girke kwamfutocin IBM a ɗaki mai sanyi. In na'urorin da ke jere a hanya suka yi ƙara ɗaya bayan ɗaya, sai a lissafa saurin ayarin, a aika jirage su tare shi a gaba. Na'ura wajen dubu 20 aka watsa a dajin.

Dabarar ta yi suna ne a sansanin Khe Sanh da ke Biyetnam ta Kudu. A Janairun 1968 aka yi wa sojojin Amurka kusan 6,000 ƙawanya a can, sai aka karkato da na'urorin aka zuba su kewaye da sansanin. A farkon Fabrairu suka ji motsin mutane da dare kusa da tsauni mai lamba 881, manyan bindigogi suka yi wa wurin luguden wuta. Daga nan ƙananan rundunoni ma suka samu nasu: soja ya binne ƴan na'urori a bakin turba, ya dasa nakiyar Claymore, ya koma gefe da abin sauraro a kunne. A sansanin Crook, a Yunin 1969, na'urori da rada suka tona asirin maharan. Alƙaluman Amurka sun ce an kashe kusan 400, ita kuwa ta rasa soja ɗaya. A Oktoban shekarar Janar William Westmoreland ya fito yana albishir da fagen daga da na'ura za ta riƙa tafiyarwa.

Sai dai in ka iya ruwa ba ka iya taɓo ba. Ƴan Biyetnam suka gano lagon abin. Su kora ɓauna ta bi ta kan na'urar, su kunna kaset mai ƙarar mota a inda babu mota ko ɗaya. Akwai kuma na'urar da ke shinshinar fitsari da gumi daga jirgi mai saukar ungulu. Suka riƙa rataye mata bokitan fitsari a itatuwa. Motocin da sojan sama ya yi iƙirarin lalatawa har sun zarce waɗanda ake ƙiyasin Arewa ta mallaka gaba ɗaya, kuma a 1972 tankokinta suka kutsa kudu.

Wannan duk bai dame ni ba kamar abin da aka yi wa Lawos. Mai kwanto na dā yana ganin wanda zai harba, ya san soja, ya san mace mai goyo. Na'ura motsi da ƙara kawai take ji, wanda ke sakin bam kuma lamba aka ba shi a taswira. Daga 1964 zuwa 1973 an zuba wa ƙasar bam sama da tan miliyan 2, kuma har yau manoma na cin karo da waɗanda ba su fashe ba in suna noma.

Kafin a rufe Igloo White a 1973, an riga an fara binne irin na'urorin a iyakar Amurka da Meziko don jin takun masu tsallakawa. Sojan Amurka kuwa ya gyara su ya fito da tsarin REMBASS a shekarun 1980.