Yadda Darasin Sassaƙa Ya Sauka Zariya

A shekarar 1955, sa'ad da aka ɗauko sashen zane-zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya daga Ibadan aka dasa shi a Zariya, sai ga wani fanni baƙo ya sauka a ƙasar malamai, wato ilmin sassaƙa da ƙera mutum-mutumi, wanda ɗalibi kan keɓe kansa gare shi bayan ya ɗanɗana sauran fannoni, ya yi ta fama da yumɓu da itace da siminti har hannunsa ya faɗa.

Al'amarin kuwa ba ƙarami ba ne, domin fuƙaha'un mazhabar Malikiyya, waɗanda littattafansu ake karantawa a zaurukan birni, sun haramta cikakkiyar surar mai rai idan tana da inuwa, alhali ita ce ginshiƙin manhajar da malaman Ingila suka zo da ita. Amma kada mai karatu ya zaci Zazzagawa ba su san sarrafa ƙasa ba. Wanda duk ya taɓa shiga tsohon Masallacin Juma'a, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a zamanin Sarki Abdulkarimu, ya ɗaga kai ya dubi bakan gizo da adon bangonsa, zai tabbata an daɗe ana sa laka ta yi magana ba tare da an siffanta ɗan Adam ba.

Ɗaliban farko galibinsu 'yan Kudu ne, kuma a 1958 wasunsu, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiya suna neman a gwama hikimar Turawa da gadon gida. Hujjarsu ba ta yi nisa da su ba: tun 1928 masu haƙar kuza suka fara tono kawunan gasasshen yumɓu a Nok, waɗanda shekarunsu suka haura dubu biyu, masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya tsaya kan bincikensu, aka kuma buɗe gidan tarihi na Jos a 1952. Nwoko, ko da yake fenti ya fi karanta, daga bisani ya koma gasa yumɓu bisa tafarkin mutanen Nok.

Da kwalejin ta narke cikin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, fannin ya bi ta, har yau kuma ayyukan ɗalibai na tsaye a lambun sashen a Samaru, suna shan damina da hunturu.