Magungunan HIV da lafiyar ƙoda a yankin noman rani na Kura da Bunkure

Mafi yawan masu ɗauke da HIV a Najeriya ƙwaya ɗaya suke sha kullum, wadda ake kira TLD. Magunguna uku ne a cikinta: tenofovir da lamivudine da dolutegravir. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita haɗin da ke da dolutegravir, kuma ya ceci rayuka masu yawa. Sai dai na farkon, tenofovir, ta ƙoda yake fita daga jiki, kuma a wasu mutane yakan lahanta siraran bututun da ke mayar da sinadarai masu amfani cikin jini.

Idan haka ta faru, sukari da furotin da sinadarin fosfet sukan tsiyaye cikin fitsari, ƙashi ya yi rauni, jiki ya mutu. Likitoci na kiran wannan yanayi ciwon Fanconi. Kaɗan ne daga masu shan maganin ke kaiwa nan, amma ɓarnar a ɓoye take farawa, ba ciwo ba kumburi. Haɗarin ya fi yawa ga tsofaffi da ramammu da masu hawan jini ko ciwon sukari. Dolutegravir kan ɗaga awon kiriyatinin kaɗan ba tare da ya lalata ƙoda ba, shi kuwa atazanavir yakan jawo tsakuwar ƙoda.

Ita kanta ƙwayar HIV, idan ba a danne ta ba, tana lalata ƙoda, musamman a 'yan asalin Afirka ta Yamma masu wani nau'i na ƙwayar gado APOL1. Don haka barin magani ya fi shan sa haɗari nesa ba kusa ba.

A Kura da Bunkure akwai ƙarin nauyi. Ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, shi ke shayar da shinkafa da tumatir da alkama, shi ne kuma ke raya dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya. Tsargiyar da ta daɗe tana iya toshe hanyar fitsari har ta taɓa ƙoda. Ɗan ƙwadago ya wuni cikin zafin bazara yana gumi, bai sha isasshen ruwa ba, da yamma ya sayi diclofenac ko ibuprofen a kemis don ciwon jiki, wani ma ya ɗora da jiƙo. Ƙodar da ke faman tace tenofovir ba ta son ko ɗaya daga cikin waɗannan, ga shi mai kemis bai san abin da mutum ke sha ba, domin tsangwama ta sa ana ɓoyewa.

Gwajin jini na kiriyatinin da gwajin fitsari ne ke tona matsalar da wuri. Idan ƙarfin tacewar ƙoda ya sauka ƙasa da 50, likita kan sauya tenofovir da abacavir, ko da sabon nau'insa TAF mai sauƙi ga ƙoda. Mai ciwon hanta nau'in B kada ya kuskura ya daina da kansa, domin ciwon hantar kan tashi.

Maganin kyauta ake bayarwa, da tallafin PEPFAR na Amurka da Global Fund, amma a wurare da dama majiyyaci ke biyan kuɗin gwajin ƙoda. Wannan giɓi ne da ya kamata a tambayi gwamnatin Kano da hukumar NACA a kansa. Wanda ƙodarsa ta gaza, sai wankin ƙoda sau 2 ko 3 a mako a birni, a irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda aka fara dashen ƙoda a 2002.