Tsofaffin Hotunan Garinmu Da Yadda Muka Bi Sawun Shekarunsu

Bara da damina ruwa ya kayar da wani tsohon ɗaki a gidan ɗaya daga cikin malamanmu na firamare, Allah Ya ji ƙansa, kuma da iyalinsa suka shiga kwashe abin da ya saura sai suka tarar da wata adaka wadda rabon da a buɗe ta tun yana raye. A cikinta akwai rasiɗan haraji, da takardarsa ta shaidar malanta, da wasu tsofaffin kofen jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, sannan a can ƙasa, naɗe cikin wani tsumman rawani, hotuna sun haura ɗari. Gara ta riga ta yi rabonta, danshi kuma ya manne wasu da juna. Aka kawo mini su, wai don ni na gaje shi a kujerar hedimasta, kuma ana ganin mai ritaya ba shi da abin yi.

Da na baje su a tabarma sai na ga kusan babu wanda aka rubuta wa kwanan wata ko sunan wuri. Marigayi ya san kowa da ke ciki, don haka bai ga dalilin rubutawa ba, ga shi kuma ya tafi da saninsa.

Abin da muka fara yi shi ne ɗaukar kwafinsu. Wani ɗana da ke aiki a Kaduna ya zo da na'urar sikana da kwamfuta, muka riƙa ɗora su ɗaya bayan ɗaya, gaba da baya, a kan ma'aunin ɗigo 600 a kowane inci, kowanne muka ba shi lamba. Da farko na ɗauka ɓata lokaci ne, tun da kowa yana da waya mai ɗaukar hoto, amma da muka faɗaɗa wani a fuskar kwamfuta, rubutun wani allo da ido bai taɓa iya karantawa ba ya fito ɓaro-ɓaro, sai na janye maganata. Bayan hoto kuwa sau da yawa ya fi gabansa bayani, domin a nan ake samun hatimin mai hoto. Galibin masu wannan sana'a a da Yarabawa ne mazauna Sabon Gari na manyan birane, suna zuwa mana ranar kasuwa ko da Sallah da akwatinsu mai ƙafa uku da baƙin ƙyalle. Sai dai a kula, hatimi yana nuna garin da aka wanke hoto ne, wanda sau da yawa ba nan aka ɗauke shi ba.

Hoton da ya fi jawo ka-ce-na-ce shi ne na ɗalibai da malamai a ƙofar makarantarmu ta firamare. Dattawa biyu suka dage cewa ranar buɗe makarantar ce, tun zamanin Turawa, har ɗayansu ya nuna wani yaro a sahun gaba ya ce shi ne. Na so ƙwarai maganarsu ta tabbata, don babu abin da ƙungiyarmu za ta fi alfahari da shi irin hoton ranar. Amma tutar da ke kan sanda mai rabo uku ce a tsaye, ba ta Ingila mai giciye ba, kuma ita wannan tuta tamu ranar 1 ga Oktoba 1960 aka fara ɗaga ta. Allon makarantar kuma, wanda sikana ta fito da rubutunsa, yana ɗauke da sunan jiha, alhali kafin ranar 27 ga Mayu 1967, lokacin da Gowon ya raba ƙasar nan jihohi 12, shida daga ciki a Arewa, Jihar Arewa ɗaya tak muka sani, da lardunanta da En'e-En'enta. Wannan ya ba mu iyaka ta farko. Iyaka ta biyu titin da ke bayansu ne ya ba mu, inda wata babbar mota da wata ƙarama suke wuce juna, kowace ta riƙe hannun hagu. Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama ranar 2 ga Afrilu 1972. Ke nan an ɗauki hoton tsakanin 1967 da 1972.

Sai ɗan nawa ya kawo wani hanzari mai ma'ana, ya ce: "Baba, idan fa mai wankin hoton ya kifa fim ɗin, ai hagu zai koma dama." Gaskiya ne, hakan yana faruwa. Rubutun allo ya isa amsa, don da an kifa da ya fito a juye, amma na nuna masa wata shaida da za ta yi masa amfani inda babu rubutu ko ɗaya: aljihun babbar riga da aikin askarta a ƙirjin hagu na mai sanye da ita suke. Muka duba rigar hedimasta, aska tana inda ya kamata. Dattijon nan bai ji daɗi ba, ya kwana biyu ba ya amsa gaisuwata da fara'a, daga baya kuma shi da kansa ya aiko cewa yaron da ya nuna ƙanensa ne, kamar ce ta ruɗe shi.

Wani hoton na hawan hakimi ne, kuma duk wanda ya gani ya yarda Ƙaramar Sallah ce, amma shekarar ta gagara. A nan lissafin wata ya taimake mu. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, saboda haka Sallah takan zagaya yanayin shekara, ba ta komowa inda ta baro sai bayan shekara 33 ko kusa da haka. Manyanmu suna tuna cewa cikin azumi, da sanyin hunturu, aka kashe Sardauna ranar 15 ga Janairu 1966. To, a wannan hoton gero ya fitar da kai a gonakin bayan masallacin idi, wato watan Agusta ne ko daf da shi. Ƙaramar Sallah ta faɗo a Agusta daga 1946 zuwa 1948, sannan daga 1979 zuwa 1981. Wace ce a ciki? Can gefe, bayan 'yan kallo, ga mota Peugeot 504, irin wadda aka yi ta harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, a jikin bango kuma ga takardun siyasa, ɗaya mai gida da masara ta NPN, ɗaya mai mabuɗi ta PRP. Magana ta ƙare, farkon Jamhuriya ta Biyu ne.

Ƙananan alamu irin waɗannan suna da yawa ga mai haƙurin dubawa. Farashi a jikin shago, in da fam da sule aka rubuta, to kafin 1 ga Janairu 1973 ne, ranar da naira ta fito, ko da yake bakin mutane bai saki sule da sisi ba sai bayan shekaru masu yawa. Ɗan doka cikin kayan En'e yana nuna kafin a narkar da su cikin 'yan sandan tarayya a zamanin Gowon. Hoton shugaban da ke rataye a bangon ofis shi ma shaida ne, amma na Murtala ba a dogara da shi, domin bai fi wata shida da 'yan kwanaki yana mulki ba, daga Yuli 1975 zuwa 13 ga Fabrairu 1976, mutane kuwa sun bar hotonsa a bango shekara da shekaru saboda ƙauna.

Gano wuri ya fi gano shekara wuya. Ɗakin jinka ya koma na kwano, soro ya koma bulo, ganuwa an ɗebe ƙasarta an yi gini, hanya ta sauya. Abin da ba ya gusawa shi ne dutse da rafi da manyan itatuwa, musamman kuka, wadda kan ga tashin gari ta ga kufansa. Mun yi yawo da hoto a hannu har muka tsaya daidai inda mai hoto ya tsaya, muka gane cewa filin da ake sukuwa a da shi ne inda tashar mota take yanzu, kukar nan mai rassa biyu ce ta ba da shaida. Ta wannan hanya kuma muka ƙaryata hoton nan da 'ya'yanmu na birni suke ta tura wa juna a WhatsApp da sunan tsohuwar kasuwarmu. Tudun da ke bayansa Dala ne, garin kuwa Kano. Mu ba mu da tudu irin wannan ko a mafarki.

Sunayen mutane kuwa, na yarda tsofaffin mata sun fi mu. Mun buga hotunan da girma muka kai musu har ɗaka, suka riƙa gane mutum ta tsagar fuskarsa, su faɗi uwarsa da gidan da ta fito, su gane shekarar biki ta atamfar da aka yi anko da ita. Wata gwaggo ta lissafa mana mutum goma sha ɗaya a hoto guda ba ta yi gargada ba. Mun yi da ita za mu koma da sauran bayan girbi, kafin mu koma Allah Ya karɓi abinSa.

Don haka roƙona ga 'yan'uwa mazauna Kano da Kaduna da Abuja da Legas: duk mai tsohon hoto ya ɗauki kwafinsa gaba da baya, ya rubuta abin da ya sani da fensir, don tawadar biro tana huda takarda. Kada a kai a manne shi cikin leda da zafi, domin in ya lalace a ciki ba ya ciruwa, kada kuma a bar manhajar waya ta shafa masa launi ko ta gyara fuska sannan a watsar da na asali. Niyyarmu mu ajiye kwafi ɗaya a ɗakin karatu na gari, mu kai ɗaya Gidan Arewa da ke Kaduna.

Har yanzu akwai guda ɗaya da ya gagare mu, mai lamba 47, wanda aka buga tare da wannan rubutu. Samari biyar ne a gaban tarin buhunan gyaɗa, ga layin dogo a gabansu, ɗaya yana riƙe da keken Rali, wani kuma ya rataya rediyo a kafaɗa. Jirgin ƙasa bai taɓa biyowa ta garinmu ba, don haka a wurin cin rani aka ɗauke shi, ko Kano, ko Gusau, ko Nguru. Na biyu daga dama yana da tsaga irin ta unguwar maƙera. Wanda ya gane mahaifinsa ko kakansa a ciki ya sanar da sakataren ƙungiya kafin taron Babbar Sallah.