Yadda Leƙen Asiri Daga Sama Ya Zama Kayan Kasuwa

A ranar 1 ga Mayu, 1960, Tarayyar Sobiyet ta harbo jirgin leƙen asirin Amurka samfurin U-2, ta kama matuƙinsa Francis Gary Powers da ransa. Abin ya jawo wa Amurka kunya, ya kuma wargaza taron shugabannin manyan ƙasashe da aka shirya a Paris cikin watan. A wancan zamanin, leƙa ƙasar abokin gaba daga sama sai wane da wane, kuma babu kasuwar da za a je a sayo kayan aikin.

Cikin Agusta na shekarar, tauraron ɗan'adam na shirin Corona na Amurka ya jefo ƙunshin fim daga samaniya, wani jirgi ya cafe shi a iska kafin ya faɗa teku. Hotunan wannan tafiya guda sun nuna faɗin ƙasar Sobiyet fiye da duk abin da U-2 ya tara tun fara shawaginsa. A 1976 Amurka ta harba tauraron KH-11, mai aiko da hoto kai tsaye, aka huta da jiran fim.

Isra'ila ce ta nuna wa duniya amfanin ƙaramin jirgi marar matuƙi. A Yuni 1982, a kwarin Beka na Labanan, ta yi amfani da irinsu wajen gano makaman kakkaɓo jirage na Siriya kafin ta ragargaza su. Amurka ta bi sahu da Predator na kamfanin General Atomics, wanda ya yi shawagi a Bosniya a 1995. A 2001 aka ɗaura masa makami mai linzami, mai leƙe ya zama mai harbi.

Sai dai Amurka ta riƙe hajarta gam. Yarjejeniyar 1987 ta taƙaita yaɗuwar makamai masu linzami ta shafi manyan jiragen, don haka ƙasashe da yawa suka nema aka hana su. Sin ta shiga giɓin da jiragen CH-3 da CH-4 da Wing Loong, a farashi mai sauƙi kuma babu dogon sharaɗi. Turkiyya ta biyo baya da Bayraktar TB2 na kamfanin Baykar, wanda ya fara tashi a 2014. Yaƙin Libiya, da na Azabaijan da Armeniya a 2020, da na Yukren a 2022, su suka yi masa talla, har masu sayensa suka haura ƙasashe 30.

Hoton tauraro ma ya fita daga hannun gwamnatoci. A 1999 aka harba tauraron IKONOS, wanda aka riƙa sayar wa mai kuɗi hotonsa da ake iya rarrabe abu mai faɗin mita ɗaya a ciki. Lokacin da Rasha ta shiga Yukren, hotunan kamfanin Maxar ne suka nuna wa kowa jerin motocin sojanta mai tsawon kusan kilomita 60 a hanyar Kiyef. A fagen daga kuwa, ɓangarorin biyu suka koma sayen ƙananan jiragen kamfanin DJI da ake ɗaukar bidiyon biki da su.

Wannan kasuwa ta iso yankinmu. Asirin sayen CH-3 da Najeriya ta yi ya tonu ne a Janairu 2015, da ɗaya ya faɗo a Borno. Nijar ta karɓi TB2 a 2022. Amurka ta kashe sama da dala miliyan 100 wajen gina sansanin jirage marasa matuƙa a Agadez, ta fara aiki da shi a 2019, ta kwashe kayanta a 2024 bayan gwamnatin soja ta soke yarjejeniyar da ke tsakaninsu.

Ranar 3 ga Disamba, 2023, jirgin sojan Najeriya marar matuƙi ya jefa bam kan masu Maulidi a Tudun Biri, jihar Kaduna, aƙalla mutum 85 suka rasu. Rundunar ta ce ta zaci 'yan bindiga ne. Cikin shekaru sittin na'urar gani ta yi araha, masu sayarwa sun yawaita, amma horar da mai tantance abin da aka gani bai yi araha ba. Ƙasar da ta sayi jirgi ta bar wannan horo, talakanta ne ke biyan kuɗin da ransa.